Kiwon Lafiyar Fata: Lalle, Sabulu da Man Shafawa

GABATARWA

Ya kai mai karatu, an rubuta wannan ɗan littafi domin magidantan ƙasar Bagudo, da Illo, da Kaoje, da Lolo, da Tsamiya, da sauran garuruwan da ke bakin iyakar Nijeriya da Benin. Amma duk wanda ya karanta shi zai amfana, ko ina ya ke zaune.

Kai ne mai zuwa kasuwa. Kai ke sayo wa iyalinka sabulu da man shafawa da turare, kai ke haɗa kayan lefe, kai ke biyan kuɗin ƙunshi ran biki. In abin da ka sayo ya ɓata jikin matarka ko na ɗanka, kai kuma za ka ɗauki wahalar neman magani. Saboda haka ya kamata ka san abin da ka ke saye. Ka karanta a hankali, babi bayan babi, sa'an nan ka gaya wa waɗanda ba su iya karatu ba.

BABI NA 1: KAYAN DA KE KASUWA

Ƙasar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi, Kogin Kwara ya ratsa ta. Yamma da ita akwai ƙasar Benin, wadda a da a ke ce da ita Dahome, sai a shekarar 1975 aka sake mata suna. Mutanen ɓangarorin nan biyu suna cin kasuwar juna tun kaka da kakanni. Kaya suna fitowa daga Kwatano, a bakin teku, su haura arewa zuwa Malanville da Segbana, su ƙetaro wajenmu a mota, ko a babur, ko a kwalekwale.

Cikin kayan nan har da man shafawa iri iri. Waɗansu an rubuta sunansu da Faransanci, waɗansu da Ingilishi. A jikin kwalba za ka ga an zana ganye, ko lemo, ko fure. Mai talla kuma ya ce maka, wannan na itatuwa ne zalla, ba ya cutar da kowa. A gefe guda ga namu na gida: man kaɗe, man alayyadi, sabulun salo, lalle, kurkur, da ganyen dogon yaro.

Galibin waɗannan suna da amfani. Amma maganar nan ta cewa abin da ya fito daga itace ba ya cutarwa, ba gaskiya ba ce, kai ma shaida ne. Ka san abin da ƙarara ke yi wa wanda ya ratsa ta cikinta. Ka san ruwan tumfafiya in ya shiga ido. Dukansu tsire-tsire ne. Allah ya sa wa itatuwa da yawa ɗaci da kaifi domin ƙwari da dabbobi su ƙyale su, kaifin nan kuwa bai san fatar mutum daban ba.

BABI NA 2: HANYA UKU DA FATA KE ƁACI

Hanya ta fari ita ce ƙuna. Abu mai kaifi yana cin fata kamar yadda kanwa mai yawa ke cin hannu. Wannan yana samun kowa, in abin ya yi yawa ko ya daɗe a jiki. Zafinsa ya fi ƙaiƙayinsa, ba ya kuma daɗewa bai bayyana ba.

Hanya ta biyu ita ce rashin jituwa. Hausawa su kan ce jinin wane bai haɗu da na wane ba. To, haka jikin wani mutum ba ya jituwa da wani abu, alhali ɗan'uwansa yana shafa abin nan lafiya lau. Likitoci suna ce da wannan alaji. Wani likitan yara na birnin Biyana, a ƙasar Ostiriya, mai suna Clemens von Pirquet, shi ya sa wannan suna a shekarar 1906.

Ga yadda abin ke faruwa. A cikin jininka akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ƙanana ƙwarai, ba a ganinsu sai da madubin likita. Aikinsu kamar na dogarai ne, suna tsare jiki daga cuta. Sa'ad da ka shafa mai, wani ɗan sinadari daga cikinsa ya kan ratsa fata ya manne da namanta. Sai masu tsaron fata su ɗauke shi su kai shi wurin nan da kaluluwa ke fitowa, a hammata, ko wuya, ko matsematsi. A can a ke shaida shi. Ga yawancin mutane sai a ƙyale shi ya wuce. Ga waɗansu kuwa sai dogaran su ɗauke shi abokin gaba, su riƙe kamanninsa. Wannan shiri ya kan ci kwana 10 zuwa 14, mutum bai san ana yi ba.

Daga ran nan, duk sa'ad da abin ya sake taɓa fata, sai dogaran su taru a wurin su yi yaƙi. Yaƙin nan shi ne ƙaiƙayi, da kumburi, da ƙananan ƙuraje masu ruwa. Ba ya fitowa nan da nan, sai bayan kwana 1 zuwa 3. Galibi kuma jiki ba ya mantawa har iyakar rai.

Ka lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, mutum yana iya shekara biyar yana shafa mai guda lafiya, ran nan jikinsa ya ƙi shi. Don haka kada ka ce, ai na daɗe ina shafa shi, ba shi ba ne. Na biyu, tun da ƙurajen ba sa fitowa sai bayan kwanaki, mutum ya kan manta da abin da ya shafa, ya ɗora laifi a kan abincin da ya ci jiya, ko a kan wani mutum.

Hanya ta uku ita ce borin jini. Wannan mai sauri ne, cikin mintoci kaɗan jiki ya yi rudu-rudu da ƙaiƙayi. Sau da yawa ya kan kwanta da kansa. Amma wani lokaci leɓe da harshe da maƙogwaro su kan kumbura, numfashi ya toshe. Wannan yana kisa.

BABI NA 3: LALLE JA DA LALLE BAƘI

Lalle na gaskiya ganyen itace ne. A cikinsa akwai wani launi da ke kama fata da farce da gashi. Sai an yi sa'o'i da ƙunshi kafin ya kama, launinsa kuwa ja ne, ko ja mai duhu. Mata suna ƙunshi da shi, dattawa suna rina gemu da shi, da wuya ƙwarai ka ji ya ɓata jikin babba.

To, ka riƙe wannan: ganyen lalle ba ya yin baƙi ƙirin. Abin da a ke ce da shi baƙin lalle, ko dayis, wanda ke kamawa kafin a yi sa'a guda, ba ganye ne ke ba shi baƙin ba. Wani sinadari ne da a ke yi a masana'anta domin rina gashi da fatun dabbobi. Sunansa dogo ne, ana taƙaita shi da haruffa uku, PPD. Yana cikin abubuwan da suka fi koya wa jiki rashin jituwa a duniya, har ƙungiyar likitocin Amurka masu binciken wannan ciwo ta ware shi a shekarar 2006 domin a ja kunnen jama'a a kansa. A ƙasashen Tarayyar Turai an yarda a sa shi a rinin gashi kaɗai, kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an gauraya, ba a kuwa yarda a yi zane da shi a fata ba. Wanda a ke kwaɓa wa amare, ba mai auna shi.

Alamarsa ba ta ɓuya. Ƙurajen su kan bi zanen sak, fure ya tashi ya yi bororo a siffarsa ta fure. Bayan ya warke ya kan bar tabo, baƙi ko fari, wata da watanni. Wadda aka yi wa karo na fari, ya kan fito mata bayan mako guda ko biyu. Wadda jikinta ya riga ya san shi, kwana ɗaya ko biyu ya isa.

Kada ka ce wannan matsalar mata ce. Rinin da maza ke sa wa gemu da kai domin ɓoye furfura, yawancinsa PPD ne a ciki, ko da an zana ganye a kwalinsa. Wanda jikinsa ya ƙi shi, fuskarsa ta kan kumbura har idanu su rufe. Bayan haka yana yiwuwa baƙar roba, da waɗansu baƙaƙen tufafi, da waɗansu magunguna su riƙa tayar masa da ciwon, gama sinadaransu dangin juna ne.

Abin nan kuma guba ne in an sha. Likitocin Hartum, a ƙasar Sudan, sun ba da labarin yara 31 da aka kawo musu tsakanin 1984 da 1989 saboda gubar lalle mai PPD, 13 daga cikinsu suka mutu. Yana kumbura wuya, yana kuma lalata ƙoda. Kada a ajiye shi inda hannun yaro zai kai.

Saura magana guda a kan jan lalle. Akwai wani hali na jini da a ke gado, likitoci suna rubuta shi G6PD. Yana da yawa a Nijeriya, ya kuma fi samun 'ya'ya maza. In an lafta wa jariri mai wannan hali lalle a jiki, launin ya kan ratsa fatarsa ya farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Sai ka ga idonsa ya yi shawara, fitsarinsa ya yi duhu, jikinsa ya saki. An ga haka a ƙasashen Larabawa, har an rasa rai. Ba a gane mai wannan hali da ido, sai an auna jini. Saboda haka kada a sa wa jariri lalle, ko don ado, ko don maganin ƙuraje.

BABI NA 4: SAURAN ITATUWA

Man kaɗe. Kaɗanya arziki ce ta ƙasarmu da arewacin Benin. Man kaɗe tsantsa yana cikin mayukan da suka fi sauƙi ga fata, da wuya ya ɓata jiki. In ka ga ya ɓata, ka bincika ko an gauraya shi da turare, ko launi, ko kuwa ya daɗe ya yi ɗoyi.

Lemun tsami. Waɗansu mata suna shafa shi domin fata ta yi haske. A ruwansa da ɓawonsa akwai wani sinadari wanda ba ya kome a inuwa, amma in rana ta buge shi sai ya ƙone fata. Bayan kwana ɗaya zuwa uku wurin ya yi bororo, sa'an nan ya bar baƙin tabo mai daɗewa. Garin neman ƙiba an samo rama ke nan. Wannan yana iya samun kowa. In lemo ya taɓa jikinka, ka wanke kafin ka shiga rana.

Yazawa da mangwaro. Mutanen Fotugal suka kawo yazawa daga Barazil, yanzu kuwa ana nomanta da yawa a Benin da Nijeriya. Man da ke cikin ɓawon ƙwallonta yana ƙuna, yana kuma koya wa jiki rashin jituwa. Samari su kan rubuta sunansu da shi a dantse, wannan wasa ne mai haɗari. Yazawa da mangwaro dangi ne, saboda haka wanda jikinsa ya ƙi man yazawa, ƙaron mangwaro da ɓawonsa su kan fesa masa ƙuraje a leɓe.

Tafarnuwa. In an daka ta ɗanya an ɗaura a fata domin makero, tana ƙuna kamar wuta, balle a jikin yaro.

Sabulun salo. Da tokar itatuwa da mai a ke yinsa. Yana wanke jiki sarai, amma in tokar ta yi yawa yana busar da fata har ta tsage, musamman da hunturu. Fatar da ta tsage kuwa ƙofa ce a buɗe, kowane sinadari ya fi saurin shiga ta nan.

Kayan ƙanshi. Kanumfari, da kirfa, da man ɓawon lemo, da furanni, su ke ba turare da humra da mai ƙanshinsu. A cikin kayan shafa duka, ƙanshi yana cikin manyan masu jawo rashin jituwa. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi doka a shekarar 2003, ta lissafa sinadaran ƙanshi 26, ta ce lalle a rubuta sunansu a jikin kwalba. Da dama daga cikinsu a itatuwa a ke samunsu. Alamar turare ita ce ƙuraje a wuya, da bayan kunne, da hammata.

Man gyaɗa. A shekarar 2003 likitoci a Ingila suka gano cewa yaran da jikinsu ya ƙi gyaɗa, da yawansu an shafa musu mai mai ɗauke da man gyaɗa a kan ƙuraje tun suna jarirai. Don haka kada a shafa man gyaɗa a fatar jariri in ta tsage ko tana da ƙuraje.

Akwai kuma algus. Waɗansu masu haɗa man bilicin suna zuba magunguna masu ƙarfi a ciki a ɓoye, su ce na ganye ne. Irin wannan yana sa fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Duk man da ya sa mutum fari cikin mako biyu, ba ganye ne ya yi aikin ba.

BABI NA 5: KADA A ZARGI KOWA

Sau da yawa amarya ta kan wayi gari hannuwanta sun kumbura, sai a ce kishiya ce ta yi mata sammu, ko an yi mata baki, ko ta gamu da iska. Daga nan zumunci ya lalace, wani lokaci aure ya mutu, alhali mai laifin yana cikin ƙoƙon ƙunshi. Kai da ka karanta wannan, kai ya kamata ka tsaya ka yi bincike.

Ka dubi inda ƙurajen su ke. Ciwon nan yana fitowa ne inda abin ya taɓa, iyakarsa kuma a fili ta ke. Ka tambaya me aka shafa a wurin cikin mako biyun da suka wuce. Ka sani kuma ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko ruwan bororon ba ya harbin kowa. Ba dalilin ware wa mai shi kwano ko tabarma.

Amma ba kowane ƙaiƙayi ne wannan ba. Ƙazwa ta fi tsananta da dare, tana shiga tsakanin yatsu, tana kama mutanen gida da yawa. Makero zagaye ya ke yi. Tabon da ya yi haske, wanda in an taɓa shi mutum ba ya ji, a kai shi asibiti da wuri, gama yana iya zama kuturta, ita kuwa tana da magani.

BABI NA 6: ABIN YI IN YA FARU

1. A daina shafa abin nan da nan, a wanke wurin da ruwa mai tsabta mai yawa.
2. A jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a kai, yana rage ƙaiƙayi.
3. Kada a sosa, kada a fasa bororo. A yanke wa yaro farce.
4. Kada a sa toka, ko tafarnuwa, ko kananzir, ko wani sabon ganye. Ƙara wa wuta itace ne. Basilin fari marar ƙanshi ya isa.
5. A je asibiti da kwalbar ko ƙullin abin, domin ma'aikacin lafiya ya gani. Shi zai ba da man da ya dace, ya faɗi kwanakin da za a shafa. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi ta kan sa barci, wanda ya sha kada ya hau babur ko ya tuƙa kwalekwale.

In an rabu da abin, fata ta kan warke cikin mako 2 zuwa 4, tabon kuwa ya fi haka daɗewa. In ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, a nemi a tura ku babban asibiti, kamar Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Likitocin fata suna da wata hanyar gano mai laifi, wadda wani likita Bajamushe, Josef Jadassohn, ya bayyana a shekarar 1895. Ana manna ɗan kaɗan na abubuwan da a ke tuhuma a bayan mutum, a bar su kwana biyu, a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana biyu kuma. Inda fata ta tashi, nan mai laifin ya ke.

Ga alamun da ba a jira da su, ko da tsakar dare ne: kumburin leɓe ko harshe ko wuya, numfashi da ƙyar, jiri ko suma, ido ya kumbura ya rufe, zazzaɓi tare da mugunya, shawara a idon jariri, yaro ya sha rini. Mai toshewar numfashi allura ce ke ceton ransa, ba a samunta sai a asibiti.

BABI NA 7: RIGAKAFI

Yanzu karatunka zai yi maka rana. Kafin ka biya kuɗi, ka juya kwalbar ka duba bayanta. Ka nemi lambar NAFDAC, watau hukumar da aka kafa a shekarar 1993 domin kula da abinci da magunguna da kayan shafa a Nijeriya. Ka nemi sunan masu yi, da ranar da zai lalace. A kwalin rini ka nemi haruffan nan PPD, ko kalmar da ta ƙare da phenylenediamine, kusan haka a ke rubuta ta da Ingilishi da Faransanci. Man da aka ɗura a kwalba ba suna ba rubutu, ka bar wa mai shi.

In ka kawo sabon mai gida, a gwada shi tukuna. A shafa ɗan kaɗan, kamar faɗin kwabo, a cikin gwiwar hannu, safe da yamma, har kwana 7. In sabulu ne, a wanke bayan minti 5. In wurin ya yi ƙaiƙayi ko ƙuraje, a bar shi. Amma kada a yi wannan gwaji da baƙin lalle, gama gwajin kansa yana iya koya wa jiki ƙinsa. Kada kuma a yi shi a jikin jariri.

Kada a fara sababbin abubuwa biyu tare, don in jiki ya ɓaci a san wanne ne. Kayan gyaran amarya a gwada su tun saura wata guda, ba ana gobe biki ba. Abin da ya taɓa ɓata jikinka, ka rubuta sunansa a takarda ka ajiye, ka nuna wa likita da wanzami da mai ƙunshi. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin ƙuna da rashin jituwa?
2. Don me mutum zai daɗe yana shafa mai lafiya, sa'an nan jikinsa ya ƙi shi?
3. Yaya za ka gane lalle na gaskiya?
4. Don me aka hana sa wa jariri lalle?
5. Faɗi alamu huɗu waɗanda ba a jira da su.
6. Me za ka nema a bayan kwalba kafin ka saya?

Allah ya ba mu lafiya, mu da iyalanmu, amin.